JAN KITSE DA BITAMIN A: MURHUN DA JARIRI KE ZUWA DA SHI DUNIYA

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi jawabin bana a kan wani abu daga fannin da nake koyarwa, wato kimiyyar sinadaran jikin ɗan Adam, da sharaɗin kada in sa dattawa gyangyaɗi. Na zaɓi in yi magana a kan kitse. Na ga wasu 'yan ajinmu har sun fara gyara zaman babbar riga, to hankalinku ya kwanta, tumbin kowa ya tsira yau. Kitsen da nake nufi wani ne daban, wanda kowannenmu ya zo duniya da shi a tsakanin kafaɗunsa, kuma da shi ya ƙetare darensa na farko. Zan faɗi yadda yake aiki, da abin da masana suka gano game da hannun da bitamin A ke da shi a cikin ginuwarsa, sannan in kawo maganar gida, domin batun na jariranmu ne na Miga da ƙauyukanta a lokacin hunturu.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san farin kitse, wanda ke kan ƙoda, da wanda ke lulluɓe da kayan ciki, da na tozon sa. Aikinsa ajiya, tamkar rumbu. Abin da jiki ya ci bai ƙona ba sai ya mayar da shi mai, ya zuba a nan don ranar yunwa. To akwai na biyu, wanda launinsa ke tsakanin ja da ruwan ƙasa. Tunda mu Hausawa muna kiran akuyar Sakkwato ja, ni ma zan kira shi jan kitse. Wani masani mutumin Suwizalan mai suna Conrad Gessner ne ya fara ba da labarinsa a 1551, bayan ya gan shi a jikin wata dabba mai kama da gafiya wadda ke kwana cikin rami duk tsawon lokacin sanyi. An yi shekara kusan 400 ana ta kame-kame a kan amfaninsa. Sai a farkon shekarun 1960 aka tabbatar cewa zafi yake samarwa, kuma a 1964 wasu likitoci biyu a Oxford ta Ingila, Dawkins da Hull, suka nuna cewa da shi ne sabbin 'ya'yan zomo ke ɗumama jikinsu.

Me ya ba shi wannan launi? A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan injina da ake kira maitokondiriya. Malaminmu na bayoloji, ga shi can a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha zana mana su a allo kamar ƙwayar wake. Su ne ke ƙona abinci su fitar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi, kuma akwai sinadarin ƙarfe a cikinsu. Ƙwayar farin kitse ɗigon mai ɗaya ne babba da 'yan injina kaɗan a gefe. Ƙwayar jan kitse kuwa cike take maƙil da injinan, man nata ƙananan ɗigo-ɗigo ne, ga jijiyoyin jini sun kewaye ta ko'ina. Ƙarfen nan da jinin su ne jan.

Ku ɗauki misalin injin niƙa. Idan an tayar da shi, an ɗaura bel, man da yake sha yana juya dutse, gari na fita. Idan kuwa aka zare bel ɗin aka bar shi yana ruri, zai ci gaba da shan mai, ba gari ko cokali ɗaya, sai dai zafi har ka kasa taɓa shi. A wajen mai inji wannan asara ce. A wajen jariri a daren Janairu kuwa, zafin shi ne abin nema. Jan kitse na da wani furotin na musamman a cikin injinansa wanda aikinsa ke nan, zare bel da gangan. Daniel Ricquier a Faransa ya fara ganin alamarsa a 1976, David Nicholls da abokan aikinsa a Dundee suka gane aikinsa a 1978, yanzu kuma ana kiransa UCP1. Ku riƙe wannan suna, zai dawo. Da zarar fata ta ji sanyi sai ta aika wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aika wa jan kitse ta jijiyoyin saƙo, ɗigon man ya narke, narkakken man ya tayar da UCP1, jinin da ke ratsa wurin ya kwashi ɗumi ya raba wa zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Babba idan ya ji sanyi sai ya yi makyarkyata, ya ja bargo, ko ya matsa kusa da wuta. Jariri ba ya iya ko ɗaya. Ga shi ya fito jiƙe, ga kansa babba ne idan an gwada da jikinsa, ga fatarsa siririya. Saboda haka Allah ya haɗo shi da guzurinsa: jan kitse a tsakanin kafaɗu, a wuya, a hammata, da kewayen ƙoda, wanda kan kai har kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. Mafi yawansa a watannin ƙarshe na ciki yake taruwa, shi ya sa bakwaini ke zuwa da ɗan kaɗan. Makiyaya a cikinmu sun san cewa ɗan tunkiya na faɗowa ya miƙe cikin raɓa, to shi ma da jan kitsen ƙodarsa yake dogara, kuma cikin 'yan makonni yake rikiɗewa ya koma fari. Tsuntsaye ba su da shi sam, shi ya sa ɗan tsako ba ya nisa da fiffiken uwarsa.

Guzurin nan ba shi da yawa, kuma ƙona shi na cin iskar numfashi da sukarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Idan aka bar shi a jiƙe, cikin minti 10 zuwa 20 na farko yana iya sauka da digiri 2 zuwa 4. Ɗakin haihuwa kuma bai kamata ya gaza digiri 25 ba. To ku tuna yadda asubahin Disamba da Janairu ke kasancewa a Miga, ko Sansani, ko Zareku, musamman a gidajen da ke bakin fadama, inda sanyi kan sauko kusa da digiri 12, ga iska na shigowa ta ƙofar zana. Ku kuma tuna matan da suka haihu a makarantu da rumfuna lokacin ambaliyar 2022, kan ƙasa mai danshi. Jaririn da sanyi ya kama ba ya kuka mai ƙarfi. Sai ya yi lamo, ya ƙi kama nono, tafin ƙafarsa ya yi sanyi, mutanen gida su ce yaron mai haƙuri ne. Ƙin nonon ya ƙara rage masa sukari, ƙarancin sukarin ya ƙara kashe murhun. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa jarirai 39 cikin kowane 1,000 a Nijeriya ba su cika wata ɗaya a duniya ba, kuma sanyi na daga cikin abubuwan da ke ƙarasa bakwaini da mai cutar jini. Haka ma yaro mai tamowa: a Jamaika a 1973 likitoci sun duba jan kitsen irin waɗannan yara suka tarar ya zuƙe, shi ya sa ɗumama yaro ke cikin matakan farko na jinyar tamowa.

Yanzu bari mu juya ga bitamin A. Mu a nan mun fi saninsa ta wajen rashinsa, wato dundumi, inda yaro ko mai ciki ke laluben bango da magariba ta yi. Tsofaffinmu kan nemo wa mai dundumi hanta, kuma sun yi daidai, don kuwa a hanta ne dabba da mutum ke ajiye kashi 80 ko fiye na bitamin A ɗin jikinsu. A 1913 aka gano shi a Amurka, a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai. Wajen 1930 Thomas Moore na Cambridge ya nuna cewa launin nan na ruwan lemo da ke cikin karas da kabewa da manja, wanda ake kira karotin, jiki na juya shi ya zama bitamin A. Kuna lura cewa man shanun damina ya fi na rani rawaya? Karotin ɗin ɗanyar ciyawa ne kuke gani.

Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, bitamin A gida ne mai 'ya'ya uku. Na farko retinol, shi ne wanda hanta ke ajiyewa, kuma idan za ta aika da shi wani wuri sai ta ɗora shi a kan wani furotin ɗan dako mai suna RBP. Idan ya isa cikin ƙwayar halitta sai a juya shi ya koma retinal, wanda da shi ido ke gani cikin duhu, aikin da ya sa aka ba George Wald lambar Nobel a 1967. Daga retinal sai a sake juyawa ya koma asid ɗin retinoyik, kuma daga nan ba komawa baya. Shi wannan na ukun shi ne mai ba da umarni. A 1987 Pierre Chambon a Faransa da Ronald Evans a Amurka, kowa da ɗakin bincikensa, suka gano cewa a cikin cibiyar ƙwayar halitta akwai wani kwaɗo mai suna RAR wanda retinoyik ne mabuɗinsa. A 1990 aka gano abokin tafiyarsa, RXR. Su biyun suna zaune a kan zaren gado, kamar masu gadin ɗakin ajiyar takardu. Idan mabuɗin ya shiga, sai su buɗe wani shafi a karanta, su rufe wani. Ta haka ne retinoyik ke faɗa wa ɗan tayi inda ido zai fito, da inda zuciya za ta zauna.

A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu. A 1995 wasu masana a Jami'ar Barcelona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin Francesc Villarroya, suka zuba retinoyik a kan ƙwayoyin jan kitse da suka raina a faranti, sai ƙwayoyin suka shiga ƙera UCP1 da yawa, alhali ba sanyi, ba saƙo daga ƙwaƙwalwa. Da suka bi sawu sai suka tarar a gaban shafin gado na UCP1 akwai mazaunin kwaɗon retinoyik. A kusa da shi kuma akwai mazaunin sinadarin tayirod, wanda ba ya samuwa sai da aidin, wato abin da rashinsa ke kawo maƙoƙo. Kun ga gishiri mai aidin ma na da hannu a murhun nan. A 1996 masanan tsibirin Mallorca, su Andreu Palou, suka ga haka a jikin ɓeraye masu rai. A 2000 kuma suka juya gwajin: suka ciyar da ɓeraye abincin da ba bitamin A, sai UCP1 ya ragu a jan kitsensu, jikinsu ya ƙara tara farin kitse.

Da maganar ta tsaya nan da ta yi sauƙi, amma lokaci na da hukunci a cikinta. Tun wajen 1980 an san cewa idan aka zuba retinoyik a kan ƙwayar da ba ta riga ta zama kitse ba, wadda ke daf da ɗaukar hanyar, sai ya tare ta ya hana ta zama. Idan kuwa ta riga ta girma ta zama jan kitse, shi ɗin dai ke zuga ta ta ƙara wuta. Sinadari ɗaya, umarni biyu, ya danganta da ranar da ya iso da kuma yawansa. Masu noman rani sun san wannan hali a wajen taki, wanda kan ƙone iri a gadon reno, ya kuma raya shi bayan dashe. Masu kiwon shanun nama a Japan sun daɗe suna cin moriyar wannan: a tsakiyar lokacin turka sukan rage wa shanunsu bitamin A da gangan don kitse ya ratsa cikin tsoka, naman ya yi tsada. Idan suka zarce gona da iri kuwa, sai sa ya makance, ƙafafunsa su kumbura.

Ɗan tsakiyar ma, wato retinal, ba a bar shi a baya ba. A Boston, a ɗakin binciken Jorge Plutzky, an samar da ɓerayen da ba su da sinadarin da ke juya retinal zuwa retinoyik. Retinal ya taru a kitsensu, kuma duk da an ɗura musu abinci mai maiƙo ba su yi ƙiba ba. A 2012 suka bayyana dalili: farin kitsen cikinsu ya fara ƙera UCP1, ya ɗauki halin ja, har sun fi 'yan'uwansu jure sanyi. A shekarar ce kuma Bruce Spiegelman na Harvard ya bayyana cewa a cikin farin kitse akwai wasu ƙwayoyi 'yan tsaka-tsaki, waɗanda ke zaune shiru kamar farare, amma idan sanyi ya daɗe sai su rikiɗe su kunna wuta. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da aka yi a Jami'ar Likitanci ta Vienna a 2020, ƙarƙashin Florian Kiefer. Sun sa ɓeraye da mutane cikin sanyi, suka auna jininsu, sai suka ga retinol da ɗan dakonsa RBP sun ƙaru. Wato da sanyi ya taɓa fata, hanta kan buɗe rumbunta ta aika wa kitse bitamin A. Ɓerayen da aka hana su ɗan dakon kuwa, farin kitsensu ya kasa rikiɗewa yadda ya kamata, sanyi ya fi cin su.

Me ya sa manyan jami'o'i ke zuba kuɗi a wannan bincike? Ba don jariranmu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Don ƙiba ne da ciwon suga. An daɗe ana koyar da cewa jan kitse na ɓacewa da zarar yaro ya girma. Sai a 2009 rahotanni uku suka fito a lokaci guda, daga Boston, da Maastricht ta Holan, da Turku ta Finlan, inda na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta nuna shi yana aiki a wuyan manya da saman ƙashin kafaɗarsu, musamman matasa da marasa ƙiba. A 2021 masu bincike a New York suka duba hotunan mutum fiye da 52,000, suka ga ciwon suga ya kama kashi 4.6 cikin 100 na waɗanda aka ga jan kitse a jikinsu, alhali a sauran kashi 9.5 ne. Kun ga duk kamfanin da ya samo ƙwayar da za ta kunna wannan murhu ya haye.

To a nan nake roƙon ku buɗe kunne, musamman masu tumbin da na yi wa alkawarin zaman lafiya. Kada wani ya fita daga nan ya tsaya a kemis ya ce a ba shi bitamin A zai rage ƙiba. Ɓera daban, mutum daban. A Copenhagen a 2013 an zuba retinoyik a kan ƙwayoyin kitsen ɓera da na mutum, na ɓeran suka ƙara UCP1, na mutum suka ƙi. Babu wani maganin bitamin A da aka amince a sha don rage ƙiba. Kuma shi ba kamar bitamin C ba ne da ke fita ta fitsari, taruwa yake a hanta har ya lalata ta. Matuƙan jirgin ruwan Holan da ƙanƙara ta tsare a arewacin Rasha a 1597 sun ci hantar farar dabbar nan ta ƙanƙara, suka kwanta ciwo har fatarsu ta saɓule, daga baya aka gano yawan bitamin A ne. Ga mai ciki abin ya fi muni, tunda na faɗa muku retinoyik ne ke tsara ɗan tayi. Wani bincike na 1995 a kan masu ciki fiye da 22,000 a Amurka ya nuna cewa shan abin da ya haura awo 10,000 a kullum na ƙara haɗarin haihuwar ɗa mai naƙasa. Maganin ƙurajen fuska da ake kira isotretinoyin daga gidan nan ya fito, kuma haramun ne a likitance ga mai ciki. Karotin na ganye da kabewa ba shi da wannan haɗari, don jiki na juya iya abin da yake buƙata ne kawai.

Mu dai a Jigawa matsalarmu rashi ce. Binciken abinci na ƙasa da aka yi tsakanin 2001 da 2003 ya samu ƙarancin bitamin A a jinin kusan kashi 30 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Na 2018 kuma ya nuna fiye da kashi 60 na yaran jiharmu sun tsumbure. Yaron da ba shi da isasshen bitamin A, ƙyanda da gudawa sun fi saurin kayar da shi. Alfred Sommer ya nuna haka a Aceh ta Indunusiya a 1986, inda ba yara kafso sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne asalin ɗigon da ake matsa wa yara a baki a makon lafiyar mata da ƙananan yara, wanda aka fara a ƙasar nan a 2010: shuɗin kafso mai awo 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, jan kafso mai awo 200,000 ga ɗan shekara 1 har zuwa 5, duk bayan wata 6. Tun 2002 kuma doka ta wajabta wa masana'antu su sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa, alamar ido da kuke gani a jikin buhu da galan ke nan. Sai dai mu tambayi kanmu, gidaje nawa ne a Hantsu ko Tsakuwawa ke sayen man galan? Man ƙuli ake saye na awo, a kwalba, kuma shi dokar ba ta kai gare shi ba.

Jariri sabon haihuwa fa? Wani zai ce tunda bitamin A na taimakon jan kitse, a matsa masa kafso ran haihuwa mana. A'a. An gwada wannan a ƙasashe da dama, kuma tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin haka ba. Jariri na zuwa duniya da ɗan bitamin A kaɗan a hantarsa, kuma an riga an tanadar masa hanyar cikewa: dakashi. Wannan nonon farko mai kauri, rawayar da ke sa wasu kakanni su ce ya lalace a matse a zubar, karotin ne da bitamin A. A ciki akwai maiƙo da sukarin da murhun ke buƙata, akwai kuma garkuwar cuta. Duk gidan da ake zubar da dakashi a ba jariri ruwa ko madarar akuya har kwana uku, an raba shi da makamashinsa a daidai kwanakin da ya fi buƙata. Mai shayarwa kuma na buƙatar kusan ninki biyu na bitamin A ɗin da take buƙata kafin ciki, saboda haka hantar ragon suna, a ganina, mai jego ce ta fi cancanta da ita kafin 'yan barka.

Sauran matakan ba su buƙatar ko kwabo. A goge jariri da busasshen zane nan take, a yar da jiƙaƙƙen, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a sa shi a nono cikin sa'ar farko. Wanka a jinkirta shi zuwa awa 24. Na san nan ne za a yi daga da ungozoma da kakanni, masu cewa in ba a wanke shi da wuri ba zai yi ƙarni har girmansa. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, rigarsa ce ta farko. Kuma don Allah a daina rufe ɗakin jego da kaskon gawayi a ciki, hayaƙinsa marar wari na kashe uwa da ɗa suna barci. Ga bakwaini da wanda bai kai kilo 2.5 ba, akwai goyon ƙirji, wanda Dakta Edgar Rey ya fara a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben reno: a ɗaure jariri a ƙirjin uwa dare da rana. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife na cikinsa, ya nuna fara wannan goyo tun daga haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Mu da mata suka gaji goyo, juyo shi gaba kawai za a yi. Idan ta kama a kai jariri asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa tun 2008, ko a wuce da shi Dutse, to a ƙirji za a ɗauke shi cikin riga, don iskar babur da asuba na iya gamawa da shi kafin a isa.

Abincin kuwa yana bayan gidajenmu. Zogale, alayyahu, rama, kabewa, karas na fadama, gwanda, mangwaro idan lokacinsa ya zo, manja, ƙwai, man shanu, da ƙananan kifin da ake ci har kai. Akwai dankalin Hausa mai jan ciki, akwai kuma masara mai ruwan lemo da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar tare da ta Ibadan. Abu biyu ne ke ɓata mana. Na ɗaya shanya kuka da zogale a tsakar rana, wanda ke cinye karotin, alhali a inuwa ya fi tsira. Na biyu miya ba maiƙo, domin bitamin A ba ya shiga jini sai da mai. Kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan man gyaɗa, wanda muke rainawa muna ɗalibai, haɗi ne da masanin abinci ba zai iya gyara shi ba. Wahalar ita ce watannin Maris zuwa Yuni, lokacin da ganye ya bushe, kuma cikin da za a haifa da hunturu a lokacin ne yake farawa.

Shugaba, ina da roƙo uku ga ƙungiya, kuma ba su kai kuɗin fentin da muka yi wa ajujuwa ba. A sayi ma'aunin zafin jiki da hulunan jarirai a raba wa ƙananan asibitocin mazaɓunmu da ungozomomin da ke aiki da su, a kuma nuna musu lambar nan ta 36.5. A farfaɗo da lambun makaranta, a shuka zogale da gwanda da dankali mai jan ciki, kowane ɗalibi ya tafi gida da iri. Na uku ya fi wuya, don ba a saye da kuɗi: kowannenmu ya zauna da mahaifiyarsa da gwaggonninsa a kan maganar dakashi da wankan farko, cikin ladabi, tunda su ke da iko a ɗakin jego, ba mu ba. 'Yan'uwanmu mata da ke aikin jinya da ungozoma a cikin wannan zaure sun fi ni sanin yadda za a shigar da maganar, ina ba da shawarar a sa su a gaba. Idan kwamiti ya amince, ya kamata kayan su isa kafin ƙarshen Nuwamba, don haihuwar Disamba ta same su a wurin.